Haddar da Ban Yi wa Tilawa Ba

A gidanmu na Tambuwal ba a yabon mutum da abin da ya rubuta, sai da abin da ya riƙe a ka. Mahaifinmu malami ne, ni kuma na haddace Alƙur'ani tun gemu bai fito mini ba. Wannan ya sa mini girman kai, ko da yake a lokacin cewa nake yi baiwa ce.

Yayata tana aure a Kebbe. Da mijinta ya rasu ta sayar da saniyar da ta samu a gado, tana son ta gina ɗaki nata ita da 'ya'yanta. Kafin ta gama shiri, tsada na ta cinye kuɗin a hannunta. Ni na ba ta shawara a mayar da su dalar kirifto, wato kuɗin intanet, a ajiye cikin wayata. Ba ta fahimci komai ba, ta dai ƙulle su a leda ta miƙo mini.

Wani abokin aikina a sakatariya ne ya buɗe mini asusun. Wasu kalmomin Turanci goma sha biyu suka fito a fuskar wayar. Ya ce su ne mabuɗin, in rubuta a takarda in ɓoye, domin idan suka ɓata babu banki, babu ofishin da za a kai kuka. Na yi masa dariya. A gidanmu takarda ba ta da sirri, kowane ƙane yana bincike a littattafan kowa. Kuma ni da izu sittin ke kaina, kalma goma sha biyu ce za ta gagare ni? Na maimaita su ina rausaya kamar mai biya allo, na rufe ido na kawo su daidai. Har tafa mini ya yi.

Abin da kowane yaron makarantar allo ya sani shi na manta: hadda ba ta zama sai da tilawa. Ban sake bi ta kansu ba.

Da damina, a hanyar Kebbe, babur ya kayar da mu cikin wani kwazazzabo mai ruwa. Wayar ta mutu, mai gyara ya ce sai haƙuri. Na sayi wata na zauna zan shigar da kalmomin. Na farkon suka zo da gudu, na tsakiya suka cakuɗe, na ƙarshen kuwa ko inuwarsu. Na yi ta juya su tsawon makonni, har a sujada suke faɗo mini. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba.

Na sami Yayata tana sussukar gero na gaya mata, idona a ƙasa. Ta daɗe riƙe da taɓarya.

“Su kuɗɗin suna nan?”

“Suna nan, Yaya. Ƙofar ce ba ta buɗuwa.”

“To, kak ka hwaɗa ma kowa,” in ji ta. “Azumi ya matso, kai ka jan tarawihi. In an ji kanka na zuba, wa ka bin ka salla?”

Na so a ce zagina ta yi.

Bayan salla aka yi suna a gidanmu. Na shiga gaida mata, na tarar gwaggonmu ta tsare Yayata a gaban jama'a.

“Ke, ina ɗakin da kic ce kina ginawa? Saniya guda, ba bulo ko ɗaya?”

Yayata ta ce, “Na amshi abina wurin ƙanena tuni, Gwaggo. Lalura ta cinye.”

Gwaggo ta riƙe haɓa, ta kira ta almubazzara mai cin abin marayu. Matan ɗakin suka yi ta jinjina kai. Ina durƙushe a bakin ƙofa, kuma na san magana ɗaya daga bakina ta isa ta wanke ta.

Sai Gwaggo ta juyo gare ni. “Alaramma, yi muna addu'a, ko Allah shi shirya ta.”

Na ɗaga hannuwa na yi.