Ruwan da Ke Sauka a Gidanmu Kaɗai

Shekarar da yayana ya aiko wa Baba na'urar auna yanayi daga Legas, a duk faɗin Nassarawo gidanmu kaɗai ake ruwan sama. Ƙasa a bushe ƙamas, zafin bazara na gasa mutane, amma allon na'urar da ke rataye a falo kullum sai ya rantse an yi ruwa.

Baba tsohon malamin makaranta ne, ɗan duwatsun Michika, kuma tun ina yarinya shi ke yanke ranar shuka a gonarmu ta Mugulbu. Ƙaninsa, wanda muke kira Baffa, shi ke noman, amma ko ƙwayar gyaɗa ɗaya ba ya sa wa ƙasa sai Baba ya ce a sa. Bayan ritaya wannan maganar ce kawai ta rage masa, kuma yana ji da ita ba kaɗan ba.

Na'urar tana kan wani dogon bututun ƙarfe, da 'yar fanka a samanta da mazurari. A cikin mazurarin akwai ɗan cokali mai baki biyu. In gefe ɗaya ya cika da ruwa sai ya rinjaya ya yi ƙas, allo ya ƙirga. Baba ya kafa bututun a tsakar gida, ya tokare gindinsa da duwatsu, sannan ya baro inuwar mangwaro ya dawo da kujerarsa dab da shi. Muka ce nuna wa duniya yake yi, don duk wanda ya shigo ya gan su tare.

Labari ya bazu, baƙi suka fara sintiri. Maƙwabcinmu, wani tsohon Bafulatani mai bakin tsiya, ba ya fashi.

"Ticha, jam na, lafiya? Na ji ruwa naka ya sauka jiya. Kogi ya kawo ne, in ɗauko fatsa?"

"Raɓa ce," in ji Baba, fuska a ɗaure.

Raɓa a wannan zafin! Har kajin Mama sun san ba haka ba ne.

Da Baffa ya zo, shi ma sai da ya taɓa nasa. "Yaya, in shuka ne? Injin naka ya ce damina ya yi nisa." Ya yi dariya har da tari. Amma da zai tafi sai ya ce, ba da wasa ba, bana zai bi maƙwabtan gona ne kawai, ranar da suka shuka ya shuka. Ni kuwa abin ya sosa mini rai, don na san me aka karɓe wa Baba.

Lokacin ina zaune a gida ina jiran aiki, sai na naɗa kaina mai bincike. Wadda aka fara tuhuma Mama ce, don Baba ya ce ruwan wanke-wankenta ne take watsawa.

"Sama zan hau da roba in zuba masa?" ta ce. "Ko tsalle ka ga ina yi a tsufana?"

Aka wanke Mama. Muka sauke bututun, na buɗe mazurarin, na tarar da yanar gizo da kashin tsuntsu. Na share tas, na sauya batir, muka mayar. Washegari aka sake ruwa. Na zargi wani ƙadangare mai jan kai da ke son hawa can, na shafe gindin bututun da baƙin mai, ƙadangare ya yi fushi ya koma katanga, ruwa bai fasa ba. Na zargi injin niƙan da ke bayan gidanmu, sai injin ya lalace kwana da kwanaki, mu kuma damina ta ci gaba. Yayana ya ce a waya lalle wani abu ne ke girgiza bututun, cokalin yana rinjaya ba ruwa. Na ce masa iskar da za ta kaɗa ko ganyen mangwaro babu.

Abin da na lura da shi shi ne ruwan namu yana da son jama'a. Ranar Lahadi bayan an taso coci, ambaliya ake yi. Ranar da Baba ya tafi Maiha ta'aziyya kuwa, ko ɗigo allo bai nuna ba.

"Baba, ruwan nan kai yake bi," na ce masa. "Mu kai ka Mugulbu kawai ka zauna a gona."

Ya harare ni ta saman tabarau, ya ce ashe har yanzu ban yi hankali ba.

Baba yana da wata ɗabi'a tun ta mutanen da. Ba ya gaisawa da baƙo a zaune, kuma ba ya barin baƙo ya tafi bai raka shi bakin ƙofa ba, ko da ɗalibinsa ne na jiya. Wata la'asar ina zaune a ƙofar falo ina ɓarar gyaɗar iri, allo na gefena, sai maƙwabcin nan ya ce, "To Ticha, sai an jima." Baba ya miƙa hannu ya kama bututun, ya ja jikinsa ya tashi. Bututun ya yi rawa tun daga gindi har fanka, na ji ƙas, ƙas. Na waiga, allo ya ce an yi ruwa.

Na cusa fuska a zani ina dariya har hawaye. Mutane na zuwa tsokanarsa a kan ruwan ƙarya, shi kuma yana tashi ya tare su, ya tashi ya raka su, yana ƙara musu wani. Da bakina ya buɗe a lokacin, da unguwa ta samu abin yi har kaka.

Allah ya sa wani baƙon ya yi sallama kafin in yi magana, sai na sake kallo. Wannan karon Baba na kalla, ba allo ba. Hannu biyu ya sa. Ya cije leɓe, ƙafafunsa na rawa, da ya miƙe kuma ya ɗan dubi hagu da dama ko wani ya gani, sannan ya saki murmushi ya tari baƙonsa. Mutumin da ya sha ba mu labarin yadda yake saukowa daga dutse da buhu a ka. Ashe ba don nuna na'ura ya baro inuwar mangwaro ba. Tausayinsa ya kama ni.

Na shiga kicin wajen Mama. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Kin ga gwiwar, ko? Na saya masa sanda, ya ba wa wani kyauta. Ki kama bakinki."

Na kama. Na sa aka zuba siminti a gindin bututun, na gaya wa kowa duwatsun ne suka saki. Sannan na sa aka kafa wani kakkauran turke na icce a hannun daman kujerar, na buga masa ƙusa, na rataye rediyon Baba. Ya daɗe yana kallon turken nan, ya dafa shi, ya gwada ƙarfinsa. Tun daga ranar nan, fari ya shigo gidanmu kamar na kowa.

Da ruwan gaske ya sauka, allo da sama suka yi magana ɗaya. Sai ga Baffa da sassafe, yana sosa ƙeya, wai maƙwabta sun fara shuka. Baba ya ce wannan bai jiƙa ƙasa ba, a jira na biyu. Baffa ya ce to, zai jira.

Baba ya kama turkensa ya tashi ya raka shi. Da ya dawo, yana tafe a hankali, ya tsaya kusa da ni, idonsa na kan mangwaro.

"Gobe ki sa a kafa mini irinsa a bakin ƙofa," ya ce. "Can ma ina so in riƙa rataye rediyo."