Kunnen ƙanina da injinan ban-ruwa

Ƙanina da ke bi mini bai taɓa zama gaban wani bakanike ba, amma duk Gwandu babu mai gyaran injin ban-ruwa kamarsa. Ba ya fara kwance inji. Sai ya ce a tayar, ya ɗora tsinin sukuddireba a jikinsa, ya kara mariƙin a kunne, ya lumshe ido. Can sai ya nuna da yatsa ya ce, "Ga inda ke masa ciwo." Kuma nan ɗin ne.

Sai dai Allah Ya jarrabe shi da lalura. Kusan duk shekara yakan yi makonni ba barci, yana zuba magana ba tsayawa. Ya taɓa wargaza keken ɗinkin matarsa da agogon bangon gidanmu, wai zai haɗa injin da ke jan ruwa ba tare da mai ba. Muna dariya, amma in abin ya sauka sai ya kwanta wata guda ko rana ba ya son gani.

Da muka yanke shawarar kai shi asibiti, sai ga manoman albasa daga Dodoru, su huɗu, sun yi sallama a zaurena. Dattijon cikinsu ya gyara zama ya ce, "Malam, mun ji za a kai shi ga likita. Don Allah a bari sai an cire albasa. Mutanen ɓoye ne ke raɗa masa ciwon inji. In aka kore su yanzu, wa zai duba mana namu?"

Na ce, "Baba, ashe albasarku ta fi ɗan'uwana?"

Ya ce, "Subhanallahi! Ba ta fi shi ba. Amma ita wata uku kaɗai take nema."

Ƙanin nawa shi kansa abin da yake tsoro ke nan. A cikin mota, a hanyar asibiti, ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, in kunnen ya tafi, da me zan ciyar da iyali?" Na ce masa Wanda Ya ba shi kunnen Shi ne Ya saukar da magani. Na dai faɗa, amma ni ma tsoron da nake ke nan.

Likita ya ba da ƙwayoyi. Na rubuta masa ƙa'idar shansu da ajami a bayan kwali, ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan isha'i, don bai yi boko ba.

Wata biyu yana barci yana ƙiba, bai taɓa ƙarfe ba. Rannan wani manomin shinkafa daga Kalgo ya sauke inji daga bayan babur a ƙofar gidanmu. Aka tayar. Ƙanina ya ɗora sukuddireba, ya kara a kunne. Ya saurara, ya daɗe, har na fara salati a zuci. Sannan ya ɗago ya harari mutumin.

"Alhaji, yaushe rabonka da canja masa baƙin mai? Wannan ai ba ciwo ba ne, zalunci ne!"

Sai ya ƙwala wa matarsa kira ta miƙo masa akwatin sifanoni.