Ranar da Kaka Ya Buɗe Akwatin Gem

Jiya na shiga shagon wani mai gyaran waya a kasuwar Kaura, sai wata tsohuwar kwamfuta da ke gefe ta kama ƙugi, fankarta tana kuka kamar an shaƙe ta. Nan take na manta abin da ya kawo ni. Na san wannan ƙarar tun ina yaro a ƙauyenmu, can bayan Zurmi.

Kawuna direba ne, yana kai kaya Nijar ta hanyar Shinkafi. Shi ya zo mana da na'urar gem ta wasan ƙwallo, tsohuwa, wadda wani ya gaji da ita. Ba don ni ya kawo ta ba, don ƙanena ne, mai fama da sikila. In muka fita ƙwallo bayan la'asar, shi sai dai ya zauna bakin fili yana tsare mana takalma. Amma da zarar an tayar da ɗan janareta an haɗa gem da talabijin, babu wanda ya isa ya ci shi. Nan ne kaɗai yake gudu.

Da bazara ta kankama, na'urar ta fara ƙugi kamar injin niƙa. Sai ta ɗau zafi ta mutu ana tsakiyar wasa, ƙarar kuma tana tayar masa da ciwon kai. Inna ta naɗe ta a zane ta tura ƙarƙashin gado. Ƙanena bai yi kuka ba. Ya dai juya fuska bango, tuwo ma sai an yi da gaske yake taɓawa.

Kakanmu, mahaifin Baba, shi ya fi kowa ƙin na'urar. Akwatin shirme yake ce mata. Da ƙuruciyarsa ya yi gyaran rediyo, amma a lokacin ido ya yi rauni, hannu yana rawa. Wata safiya ya zauna gefen tabarmar ƙanena, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce mini, "Tashi ka ɗauko mani wanga akwati naku."

A inuwar dalbejiya aka shimfiɗa tabarma. Kaka ya fito da tsohon sukudirebansa, ya gwada, hannun ya ƙi tsayawa. Sai ya miƙa wa ƙanena. "Kai za ka yi. Ni baki ne nawa."

Har yau ina ganin siraran yatsun nan suna kwance kusoshi suna jerawa a murfin kwano. Da murfin na'urar ya buɗe, sai ga ƙaiƙayin sussukar bara ya toshe ko'ina, zanzaro kuma ya gina ɗakinsa a jikin fankar. Kaka ya sa aka figo gashin kaza. Ƙanena ya yi ta sharewa a hankali yana hurawa, ya ɓamɓare ginin da tsinke. Aka karɓo man keken ɗinkin Inna, ya ɗiga kaɗan a tsakiyar fankar.

Da aka kunna, mun ɗauka ta lalace, don ba mu ji komai ba. Sai hoto ya fito. Kaka ya matso dab da talabijin yana ƙanƙance ido.

"Wane ne kai cikinsu?"

"Mai jar riga, Kaka."

Ya bi mai jar riga da kallo har ya jefa ƙwallo a raga. Sai ya share ido da bakin rawaninsa.

Damina ce ta tafi da ƙanena. Sanyi ya tayar da ciwon, hanya kuma ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, sai da aka jira ayarin motoci. Kafin mu kai asibitin Kaura, ƙanena ya cika, kansa a cinyar Inna. Kaka bai ga wata daminar ba. Babu wanda ya sake kunna na'urar, kuma ranar da muka baro ƙauyen da abin da hannu ya iya ɗauka, can muka bar ta.

Yanzu 'ya'yana a waya suke wasansu, kowa ya duƙar da kai, ba mai jin motsin wani. Inna tana tare da mu. In suka fara, ba ta hana su, sai dai ta ɗauki buta ta fita. Kabarin Kaka da na ƙanena suna kusa da juna, a inda ba mai iya zuwa. Kowace shekara nakan ce in hanya ta yi sauƙi zan je in yi musu addu'a a can. Bana ma har an yanke gero, ban je ba.