Zoben da Nababa Ya Ɓoye

Duk wanda ka tambaya a Marken Tudu zai ce maka Nababa Mahauci mutumin kirki ne. Da safe yana teburin namansa a bakin hanyar Minjibir. Bayan la'asar kuwa, daga an gama girbi har saukar ruwan fari, yana masussukar da ke tsakanin garinsu da Marken Kwari, yana koya wa samarin garuruwan biyu dambe. Yaran da a da suke jifan juna kan iyakar gona, yanzu da buta ɗaya suke alwala. Ba ya yarda kowa ya naɗe wa ɗan dambe hannu sai shi. Zai bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya shafa tafin, sannan ya ɗaura zare. Mutane suna cewa tsabar kula ce.

Tsoro ne. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, a wannan filin, Nababa ya ɓoye zoben ƙarfe a ƙarƙashin zarensa, ya fasa idon Yahya na Marken Kwari. Aka yi zargi, aka ɗauko sanduna. Nababa ya yi alwala, ya rantse gaban masu garin biyu cewa ba komai a hannunsa. Yahya ya tattara ya tafi kudu da ido ɗaya. Tun daga nan Nababa ke hidimar samari, shi kansa bai sani ba, tuba yake ko toshiyar baki yake bayarwa.

Bana Yahya ya dawo. Kowace Juma'a sai ya zo filin ya zauna gindin ɗorawa, ya kafe Nababa da wannan ido guda har a tashi. Nababa ya rasa sukuni. Ko babur ya ji ya tsaya a ƙofar gida, sai ya leƙa ya ga ko Yahya ne.

Juma'a ta huɗu Yahya ya taso, ɗansa Munir na biye da shi. Mai kalangu ya sassauta kiɗa.

"Sarkin fawa, an yi girma, ba a gaida tsofaffin abokai."

"Wane ni, Yahya. Ka... kun zo lafiya?"

"Ƙalau. Yaron nan ne ya ishe ni, wai sai ya shiga. Naɗe masa."

Nababa ya kama hannun Munir. Sau biyu zaren yana suɓucewa. Yahya ya duƙo daidai kunnensa, yadda ko ɗan nasa ba zai ji ba.

"Sanyinsa na fara ji kafin zafin. Ƙarfe ne, Nababa."

Nababa ya waiga. Samari sun fi talatin a kewaye, kowa na jiran a saki wasa.

"Faɗa musu za ka yi?"

"In na faɗa, gobe filin nan ya tashi, su koma sanda da ƙwaya. Ga nawa a cikinsu."

"To ka yafe min, don girman Allah."

"Ban ce ba. Rantsuwar kuma ai ba da sunana ka yi ta ba."

Ya miƙe, ya dafa kafaɗar ɗansa, ya ce ya riƙa kare fuska. Har ya juya sai ya waiwayo.

"Juma'a mai zuwa ma ina nan. Ka ɗaure masa da kyau."