Zoben ƙarfen da Inna ta kwance

"Akwai sauran ƙarfe a jikinki?" in ji nas, muna bakin ɗakin hoton MRI a Sakkwato ni da Inna. Na cire 'yan kunne da awarwaro, amma na yi shiru a kan zoben da ke ɗaure a ƙuguna.

Inna ce ta ɗaura mini shi tun ina budurwa a Aliero, jihar Kebbi tana sabuwa. Wani maƙeri a Jega ya ƙera, wai maganin ciwon mara, kuma ba a kwance shi. Bai taɓa hana ni birgima duk wata ba. In na kwanta lokacin dashen albasa, sai a ce raki ne.

Nas ta lura da zoben, ta ce na'urar hoton maganaɗisu ce, fizgo shi za ta yi. Inna ta daɗe tana kallona, sannan ta kwance shi da hannunta.

Da hoto ya fito, likita ta nuna mana nama irin na cikin mahaifa da ya tsiro a wajenta, ya manne wa hanji. Ta ce sunansa endometiriyosis, yanzu sun san inda za su yi aiki.

"Likita, ashe da gaske ciwo taka ji?" in ji Inna.

"Sosai, Hajiya."

Inna ta riƙo hannuna. "Sannu, ɗiyata. Sannu."

Alhamdu lillahi, an yi aiki, na samu sauƙi. Amma wallahi wannan sannun na fi daɗewa ina jira.

'Yan'uwa mata, wa aka taɓa ce wa raki ne?