Ciwon da ba ya zuwa asibiti da safe

Shekarar da sojoji suka koma bariki ina ƙaramar likita a asibitin koyarwa, shekarata ta uku ke nan da fara koyon aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Muna haya a Gyadi-Gyadi ni da maigidana, da ƙafa ma ina iya zuwa aiki idan tsohuwar motata ta yi gardama. Ba zan ɓoye ba, a lokacin ina ji da kaina. Ina da 'yar gudumar robar da muke buga wa mutane a gwiwa, ina da tocila, littattafan kuma na sha su, don haka ban ga ciwon da zai wuce ta gabana ban gane shi ba.

Farar hula sun shiga ofisoshi da zafinsu, ko'ina ka juya tantance ma'aikata ake yi. A irin wannan ne aka turo mini wani magidanci mai buga takardu da tafireta a wani ofishi a Tarauni. Laifinsa shi ne da an yi Azahar sai ya ture na'urar ya kifa kai a kan tebur. Wasu suka ce barci ne, wasu suka ce ya gaji da aikin gwamnati. Kwamitin tantancewa ya ce ya kawo shaidar likita, in ba haka ba a sallame shi, alhali shekara shida ta rage masa ya kai fansho.

Ƙarfe tara na safe ya shigo, tsaf da shi, hula a karye. Na ce ya matse yatsuna, ya matse har sai da na ji zafi. Na buga gwiwa, ƙafa ta harba. Na haska ido, na sa shi ya taka a kan layi, ya tsuguna ya miƙe. Ban sami komai ba.

Ya ce, "Likita, ai da rana abin yake zuwa."

Na ce, "Malam, kowa ma da rana yake gajiya, har ni."

Irin mutanen nan ne da ba sa maimaita koke, suna ganin zubar da girma ne. Na rubuta cewa na duba shi lafiyarsa ƙalau, na sa hannu, na buga hatimi, na kira na gaba.

Ranar Asabar ina wanki sai ga sallama. Wata mata ce da ta girme ni, ta ce ita ce mai ɗakin mai tafireta, ta tambayo gidan likita mace aka nuna mata. Na shimfiɗa mata tabarma, muka gaisa, ta ƙi shan ruwan da na kawo.

Ta ce, "Likita, ƙarfe nawa kika duba Malam?"

Na ce da safe.

Ta ce, "To ai ba ki gan shi ba. Sallar Asuba a tsaye yake yi, har masallaci yake zuwa da ƙafarsa. Azahar a tsaye, amma sai ya dafa bango. La'asar a zaune. Magariba kuwa in ya yi sujada sai ya sa hannu ya tallafo kansa kafin ya ɗago. Tuwon dare na daina kai masa, ba ya haɗiyuwa, kunu nake dama masa. Da gari ya waye kuma sai ki ce ba shi ba ne."

Abin da na fara ji shi ne haushi, an biyo ni har gida ana koya mini aiki ina tsaye da kumfa a hannu. Kafin ta kai Magariba a lissafinta haushin ya koma kunya, domin na san ciwon da take bayani, har shafin da yake a littafi na sani. Mu likitoci muna ce masa mayasteniya. Garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta far wa mahaɗar da jijiya take miƙa wa tsoka saƙo. In an huta saƙon yana wucewa, in an yi ta aiki sai ya riƙa yankewa. Mu kuma asibitinmu da safe muke ganin masu zuwa daga gida, daidai lokacin da mai wannan ciwo ya fi kowa lafiya.

Bayan La'asar na lallaɓa motar ta kai ni gidansu a Unguwar Gano. Na same shi a kan darduma ya jingina da bango. Fatar idonsa na dama ta sauko ta rufe rabin idon, sai ya ɗaga haɓa sama kafin ya gan ni, muryarsa kuma ta hanci take fita. Na ce a samo mini ƙanƙara. Matar ta shiga maƙwabta wajen mai sayar da zoɓo ta dawo da guntu a leda. Na naɗe a hankici na ɗora masa a kan idon na minti biyu, domin sanyi yana taimaka wa mahaɗar nan na ɗan lokaci. Da na ɗauke, ido ya buɗe tar. Matar ta dube ni ta ce, "Kin gani," ta tafi mayar da sauran ƙanƙarar.

Ranar Litinin da yamma na kai shi gaban babban likitan da nake ƙarƙashinsa, na faɗi abin da na yi tun bai tambaya ba. Ya duba, ya tabbatar, aka ɗora shi a kan magani. Sai ya ce in bari shi ya sa hannu a sabuwar takarda shi kaɗai, kada sunana ya fito a kan magana biyu masu karo da juna. Don ya rufa mini asiri ya faɗa, na kuma gode masa. Amma na san mutanen ofis. Suna ganin takarda biyu daga asibiti ɗaya za su ce ta biyun roƙo aka yi aka samo, su riƙe ta farko. Na ce a'a, hannun da ya ɓata shi zai gyara.

Ranar Laraba kwamitin ya zauna, na je da kaina da farar rigata. Shugabansu wani alhaji ne mai fara'a, amma ba ya wasa da takarda. Ya jera takardun biyu a gabansa.

Ya ce, "Likita, duk hannunki ne. Wacce za mu ɗauka?"

Na ce, "Ta biyu, ranka ya daɗe. Ta farkon kuskure na yi. Na duba shi a lokacin da ciwon ba ya nunawa, ya gaya mini, ban saurara ba."

Ya ce shi bai taɓa jin likita ya ce ya yi kuskure ba. Na ce to yau ya ji, na kuma roƙe shi ya tambayi 'yan ofis ko sun taɓa kama kuskure a aikin da mutumin nan ya buga kafin Azahar. Aka tambaya, ba a samu ba. Aka bar masa aikinsa, aka ce a riƙa ba shi manyan takardu da safe.

Daga nan aikina ya ɗauki hanyar da yake kai har yau. Na nemi a ba ni yini ɗaya a mako ina ganin marasa lafiya bayan La'asar. Nas-nas suka yi ta mita, na toshe kunne, daga baya su da kansu suke turo mini mutane. Duk wanda ya zo da kukan kasala sai in bi shi salla-salla, wacce yake yi a tsaye, wacce a zaune. In Kirista ne in tambaye shi cocin safe da na yamma, in mai ɗinki ce in tambaye ta yaushe ƙafarta take ƙin taka keke. Ina rubutawa, littafi ya cika na buɗe wani. Da waɗannan littattafan na fara bincike a kan cututtukan da garkuwar jiki take haddasa wa jijiyoyi, na rubuta, na koyar, na tsaya a taruka na yi musu da masu cewa irin waɗannan cututtuka ba su cika kama mutanenmu ba. Suna kama su sarai, mu ne ba ma tambaya yadda ya kamata. A wannan ba na jin kunyar cewa na iya aikina.

Mako biyu bayan zaman kwamitin ya dawo in ga yadda maganin ya karɓe shi. Ƙarfe huɗu da rabi ne, idonsa biyu a buɗe. Ina rubutu sai ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Likita, ran da kika ba ni takardar nan ta farko, a cikin bas na karanta ta. Na ce wannan baiwar Allah ta yi karatu, ba ta da dalilin yi mini ƙarya, ashe dai lalaci ne ya kama ni. Kwana biyar ina istigfari. Na hana kaina zama a sallar La'asar, na ce sai na tsaya, har na faɗi a gaban 'ya'yana. Ko da mai ɗakina ta ce za ta zo wajenki, hana ta na yi, fita ta yi ba da sanina ba."

Na ajiye biro. Ban taɓa tunanin shi ma ya yarda da takardar ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na ce, "Malam, ka yafe mini."

Ya ce ya yafe tun tuni, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sai ya ciro kwalin maganin daga aljihu ya tambaye ni ko ƙwayar rana kafin abinci ake sha ko bayansa.