Agogon Rabon Rijiya

Shekarar da sama ta ƙi ba mu ruwa, maigidana ya tafi cin rani kudu, ya bar mani yara da agogon bangon mahaifinsa. Tsoho ne, kullum sai an wana shi, kuma in zafi ya yi yawa gaggawa yake kamar mai bin mota ranar kasuwar Bafarawa.

Rijiya guda ta rage mana a Tsamaye, mu da shiyar gabas. Dattawa suka raba: su ja ruwa da safe, in agogona ya buga awar da aka yanke su ɗaga, mu kama. To, wa zai yarda da agogon da ke ɗakin wata? Shi ya sa kullum nake fito da rediyo zaure, mu jira ƙarar nan ta cikar awa kafin labarai, in tura hannun agogon da yatsa a gaban kowa. Wallahi ina jin daɗin aikin nan, har yanga nake yi.

Sai batur ya mutu. Muka yi kwanaki babu rediyo, ni kuwa ina bin agogo yadda ya ce. Wata tsohuwa ta shiyar gabas, mai baki kamar barkono, ta fara yaɗa cewa ina korarsu tun tulunansu ba su cika ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don in suka daina yarda da ni, faɗa za a koma yi a bakin rijiya.

Na shanya batur a rana bisa katanga, na ciccije shi da haƙori kamar yadda kowa ke yi, na kira matan shiyoyin biyu. Rediyo ya yi ta shaƙewa, da ƙyar ya kawo ƙarar. Ashe gaskiyar tsohuwa ce, agogon ya wuce gaba sosai. Matan shiyarmu suna ta ƙifta mani ido in bar shi haka. Na sa yatsa na mayar da shi baya, na ce gobe su ja har su rama.

Tsohuwa ta matso kusa da ni. "Ɗiyata," in ji ta, "za ni aika jikana Isa ya sayo batur. Agogon kam ya zauna hannunki."

Washegari da rabin tulu na kwana, amma har aka yi ruwa ba wadda ta sake tambayata ƙarfe nawa da shakka a bakinta.